Halitta da Laifi: Bayanan Ilimin Halittu kan Aikata Laifi a Ma'aunin Taklifi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ra'ayin da ke cewa asalin laifi yana cikin jikin mai laifin, a siffarsa, ko a abin da ya gada, ko a ƙwaƙwalwarsa. Ta kawo fitattun binciken da aka gina ra'ayin a kansu tun daga 1876, ta rarrabe wanda ya rushe da wanda ya tsaya, sannan ta auna wanda ya tsaya da ƙa'idojin taklifi da ahliyya kamar yadda malaman usulu da fuƙaha'un Malikiyya suka shimfiɗa su.

Gabatarwa

A shekarar 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Trieste a Italiya ta rage shekara ɗaya daga hukuncin wani ɗan asalin Aljeriya da ya kashe mutum da wuƙa a garin Udine. Kotun farko ta ɗaure shi shekara 9 da wata 2, bayan ta riga ta yi la'akari da taɓin hankalin da yake fama da shi. Abin da ya jawo sabon ragin shi ne rahoton masana ƙwaƙwalwa da suka gwada ƙwayoyin gadonsa, suka ce yana ɗauke da wasu nau'o'i da ake danganta su da saurin fushi da kai hari. Wato an sassauta masa saboda wani abu da aka haife shi da shi, wanda bai zaɓa ba, ba kuma zai iya canza shi ba.

Hukuncin ya ta da ƙura a tsakanin masana shari'a da na kimiyya, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wajen malaman kalamu da na fiƙihu: idan halittar mutum ce ke karkata shi zuwa ga ɓarna, me ya rage na zaɓinsa, kuma a kan me ake kama shi? Bahaushe ma ya daɗe da tsoma baki a cikinta, ya ce hali zanen dutse, ya kuma ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sa'an nan ya dawo ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, don ya ga 'ya'yan da ba su biyo iyayensu ba.

Daga Firasa zuwa Lombroso

Karanta hali daga siffar jiki ilimi ne da Musulmi suka gada daga Yunanawa ta hanyar fassara, suka kira shi ilimin firasa. Fakhruddin Ar-Razi (ya rasu 606 Hijira) ya yi littafi a kansa, inda ya tattara abin da magabata suka faɗa game da goshi da idanu da hanci da murya da abin da kowanne ke nunawa na ɗabi'a. Sai dai tun a cikin littattafan tarihin likitoci akwai wata hikaya da ke nuna iyakar wannan ilimi. An kai wa Aflimun, masanin firasa, surar Buƙuraɗ babban likita ba tare da an gaya masa ko wane ne ba, ya duba ya ce wannan mutum ne mai son fasiƙanci. Almajiran suka fusata. Da labari ya kai ga Buƙuraɗ sai ya gaskata Aflimun, ya ce karkatar tana nan a tare da shi, amma yana mallakar ransa. Ko hikayar ta inganta ko ba ta inganta ba, waɗanda suka riƙa kawo ta sun fahimci cewa karkata daban, aiki daban.

Fuƙaha'u kuwa sun fi haka taka-tsantsan. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi (ya rasu 543), a tafsirin aya ta 75 ta Suratul Hijri cikin Ahkamul Ƙur'an, ya tabbatar da cewa ba a gina hukunci a kan firasa. Ya ambaci wani babban alƙali na Bagadaza da yake hukunci da ita bisa tafarkin Iyas ɗan Mu'awiya, da yadda malaminsa Ash-Shashi ya rubuta masa raddi, domin hanyoyin tabbatar da hukunci sanannu ne a shari'a, kuma firasa ba ta cikinsu. Ibnu Farhun (ya rasu 799) ya bi wannan matsayi a Tabsiratul Hukkam, ya ɗauki hukunci da firasa a matsayin hukunci da zato. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751) ya faɗaɗa ƙofar alamomi a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, amma wanda ya karanta misalansa zai ga basirar alƙali ce wajen lura da magana da halin masu shari'a da abin da ya kewaye lamarin. Babu inda aka yanke hannu saboda faɗin muƙamuƙi.

Abin da fuƙaha'u suka hana shiga kotu shi ne ya dawo a Turai a ƙarni na 19 sanye da rigar likitanci. Franz Joseph Gall (1758–1828) ya raba ƙwaƙwalwa gida 27, ya ce ana gane ƙarfin kowane gida daga tudun da ke bisa ƙoƙon kai, har da gidan sata da na kisa. Bayansa Cesare Lombroso (1835–1909), likita ɗan Italiya, ya duba ƙoƙon kan wani fursuna ɗan yankin Kalabiriya mai suna Giuseppe Villella, ya ga wani ɗan rami a ƙeyarsa ta ciki, ya ce irinsa ake samu a wasu dabbobi. Daga nan ya gina ra'ayinsa, wanda ya fitar a littafin L'uomo delinquente, wato Mutum Mai Laifi, a 1876: akwai wanda aka haifa mai laifi, halittarsa ta koma baya zuwa matakin mutanen farko, ana kuma gane shi da alamomi irin su babban muƙamuƙi, manyan kunnuwa, dogayen hannuwa da ƙarancin jin zafi. Daga baya ya sassauta, ya ce wannan nau'i bai wuce kusan sulusin masu laifi ba. Almajirinsa Enrico Ferri ya kai maganar ƙarshenta ta hankali, ya musanta zaɓin ɗan Adam, ya ce uƙuba ba sakayya ba ce, kariya ce da al'umma ke yi wa kanta daga mutum mai haɗari. Wannan ita ce Jabariyyar Jahamu ɗan Safwan, an cire ƙaddara an sa ƙashi da jini a gurbinta.

Bai kamata a wuce ba tare da lura da cewa Lombroso ya ɗauki baƙar fata da mutanen kudancin ƙasarsa a matsayin mafi kusa da waccan halitta ta farko. Ƙarni biyar kafinsa Ibnu Khaldun (ya rasu 808) ya ci karo da irin wannan magana, wadda Al-Mas'udi ya ciro daga Jalinus da Al-Kindi, cewa ɗabi'un mutanen Sudan sun samo asali daga raunin ƙwaƙwalwarsu, ya yi watsi da ita a Muƙaddima a matsayin magana marar dalili, duk da cewa shi kansa ya jingina ɗabi'u ga zafin ƙasa, wanda shi ma abin dubawa ne.

Ƙididdiga ce ta rushe ginin Lombroso. A 1913 Charles Goring, likitan gidan yari a Ingila, ya wallafa sakamakon awon fursunoni kusan 3,000, ya gwada su da sojoji da ɗaliban jami'o'in Okasfod da Kambirij da wasu, bai samu wata siffa da ta keɓanta da masu laifi ba. Kuskuren Lombroso na manhaja ne: ya auna fursunoni sosai, bai auna waɗanda ba fursunoni ba yadda ya kamata, kuma duk alamar da ya lissafa tana cike da kasuwa a fuskokin mutanen kirki.

Gado

Da siffa ta faɗi sai aka koma ga jini. Kafin a samu wata hujja mai ƙarfi, siyasa ta riga ta yi gaba. Jihar Indiyana a Amurka ta kafa dokar yi wa masu laifi da masu raunin hankali tiyatar kashe haihuwa a 1907, Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta irin wannan doka a shari'ar Carrie Buck a 1927, kuma fiye da mutum 60,000 aka yi wa tiyatar a faɗin ƙasar. Jamus ta Hitila ta yi tata dokar a 1933, ta yi wa kusan mutum 400,000. An hukunta 'ya'yan da ba a haifa ba da laifin da ba a aikata ba, alhali ƙa'idar cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani ta maimaitu a Alƙur'ani a surori biyar: An'am, Isra'i, Faɗir, Zumar da Najmi.

A 1965 Patricia Jacobs da abokan aikinta suka gwada maza 197 a asibitin tsaro na Carstairs a Sikotland, suka samu 7 da ke da ƙarin kuromosom na namiji, wato XYY maimakon XY. Jaridu suka ɗauka cewa an gano ƙwayar kisa. Har aka yaɗa cewa Richard Speck, wanda ya kashe ɗalibai mata 8 masu koyon aikin jinya a Shikago a 1966, yana da shi, alhali gwaji ya nuna ba shi da shi. Binciken da Herman Witkin ya jagoranta a Denmak, wanda ya fito a 1976, ya nuna cewa masu XYY sun fi shiga hannun hukuma, amma galibi a kan ƙananan laifuffukan dukiya, kuma raunin fahimta ya bayyana wani ɓangare na hakan. Ana haihuwar kusan namiji ɗaya cikin 1,000 da wannan hali, mafi yawansu suna rayuwa har su mutu ba su san suna da shi ba.

Hujjar da ta fi nauyi ta fito ne daga tagwaye da 'ya'yan riƙo. Tagwayen ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa kamar sauran 'yan'uwa suke, sun yi tarayya a kusan rabi. Karl Christiansen ya bi tagwaye 3,586 a Denmak, ya samu cewa a cikin maza, idan ɗaya yana da tarihin laifi, ɗayan ma yana da shi a kusan kashi 35 cikin 100 na tagwayen ƙwai ɗaya, da kusan kashi 13 na tagwayen ƙwai biyu. Ana iya cewa tagwaye masu kama ɗaya ana yi musu tarbiyya ɗaya, suna kuma yawo tare, don haka binciken riƙo ya fi yanke gardama. A 1984 Sarnoff Mednick da abokansa suka wallafa nazarin mutum 14,427 da aka ba da riƙonsu a Denmak tsakanin 1924 da 1947. A cikin 'ya'ya maza, inda babu mai laifi a iyayen haihuwa ko na riƙo, kashi 13.5 ne kotu ta taɓa samu da laifi. Inda mai laifin yake cikin iyayen riƙo kawai, kashi 14.7. Inda yake cikin iyayen haihuwa kawai, kashi 20. Inda yake ɓangarorin biyu, kashi 24.5.

Waɗannan alƙaluma suna faɗin abu biyu, kuma mai adalci ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba. Tasirin gado gaskiya ne, tunda yaron da bai tashi a hannun mahaifinsa ba ya ɗan fi karkata ga tafarkinsa. Amma ko a rukuni mafi muni, uku cikin huɗu ba su taɓa aikata abin da kotu ta kama su da shi ba, kuma ko tagwayen da gadonsu ɗaya ne, kusan biyu cikin uku sun rabu a hanya. Ƙari a kan haka, alaƙar da Mednick ya samu ta tsaya a laifuffukan dukiya, ba ta bayyana a laifuffukan jini ba. Akwai kuma wata matsala da masu wannan fanni kan tsallake: laifi sunan hukunci ne, kuma hukunci yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Sayar da giya laifi ne a Amurka daga 1920 zuwa 1933, kafin nan da bayan nan kuma sana'a ce. Ƙwayar gado ba ta san kundin doka ba. Iyakar abin da za a iya gada shi ne ɗabi'u irin su gaggawa, zafin rai, ƙarancin tsoro da raunin haƙuri.

Ƙwayar da aka kafa hujja da ita a Trieste ita ce MAOA, wadda ke sarrafa sinadarin da ke narkar da wasu manzannin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1993 Han Brunner ya bayyana wani dangi a Holan da wasu mazansu ba su da wannan sinadari ɗungurungum, suna da raunin fahimta da saurin kai hari. Amma wannan cuta ce da ba kasafai ake samunta ba. Abin da ya yawaita shi ne nau'in da ke aiki da rauni, wanda kusan sulusin mazan Turawa ke ɗauke da shi. A 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka duba maza 442 daga cikin yaran da ake bibiya tun haihuwarsu a Dunedin ta Niyu Zilan a 1972 da 1973. Nau'in mai rauni shi kaɗai bai ƙara komai ba. Sai inda ya haɗu da cin zarafi a ƙuruciya: waɗannan su ne kashi 12 na mazan, amma su ke da kashi 44 na hukunce-hukuncen laifin tashin hankali. Binciken da suka biyo baya wasu sun ƙarfafa wannan, wasu ba su same shi ba, kuma inda masana gado suka karkata a yau shi ne cewa ɗabi'a tana rataye da ɗimbin ƙwayoyi, kowace da ɗan tasiri ƙanƙane.

Ƙwaƙwalwa

A nan hujja ta fi kusa da abin da fuƙaha'u suka sani, domin ana maganar lalacewar gaɓa ce a mutum ayyananne. Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Vermont, ƙarfe ya huda gaban ƙwaƙwalwarsa a 1848, ya rayu, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa ya koma mai ashar da rashin tsayawa kan shawara. Daga baya dai ya yi shekaru yana tuƙin keken doki a Chile, abin da ke nuna ya farfaɗo gwargwado. A 1997 Adrian Raine ya ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar masu kisa 41, ya samu raunin aiki a sashen gaba, wanda ke riƙe linzamin sha'awa da fushi. Sai dai dukkansu mutane ne da lauyoyinsu suka yi iƙirarin taɓin hankali, don haka ba sa wakiltar sauran masu kisa, kuma bambancin na matsakaicin rukuni ne, ba a iya nuna hoton mutum ɗaya a ce ga mai laifi.

Misali mafi wahala shi ne wanda likitoci biyu na Jami'ar Bajiniya suka wallafa a 2003. Wani malamin makaranta ɗan shekara 40, wanda ba a san shi da wani mugun hali ba, ya fara sha'awar yara, har ya nemi agolarsa. Kotu ta same shi da laifi. Ana gobe za a yanke masa ɗauri ciwon kai ya kai shi asibiti, aka samu ƙari mai girman ƙwai a gaban ƙwaƙwalwarsa ta dama. Da aka cire shi halin ya gushe. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake gushewa. Kuma a duk wannan lokaci, bisa rahoton likitocin, ya san abin da yake yi mummuna ne.

Jibilla a Nassi

Musulunci bai taɓa cewa mutane daidai suke a ɗabi'ar da aka halicce su a kanta ba. A hadisin Ashajju na Abdul Ƙaisi, Annabi (SAW) ya yabe shi da haƙuri da natsuwa, a riwayar Abu Dawud kuma ya tambaya ko shi ya koye su ko an halicce shi a kansu, aka amsa masa cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. An kamanta mutane da ma'adinai irin na zinariya da azurfa. An kuma tabbatar da gado mai tsallake zuriya a ƙissar mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launinsa, Annabi (SAW) ya tambaye shi game da raƙumansa jajaye da ke haifar mai ruwan toka, ya nuna masa cewa wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Saboda haka binciken Mednick ko na Caspi ba ya karo da wani asali na aƙida. Miskawaihi (ya rasu 421) ya ma kawo ra'ayin Jalinus cewa akwai na kirki bisa ɗabi'a, akwai miyagu bisa ɗabi'a, akwai na tsakiya masu karɓar kowanne.

Inda aka ja layi shi ne mayar da jibilla ta zama tilas. Imam Al-Gazali (ya rasu 505) ya yi raddi a Ihya'u, a littafin horar da rai, ga masu cewa hali ba ya canzawa kamar yadda tsawo da gajarta ba sa canzawa. Hujjarsa ita ce da haka ne da wa'azi da horo sun zama wasa, alhali ana horar da shaho da kare da doki su bar ɗabi'arsu ta farko. Ya yarda cewa ba a tumɓuke fushi da sha'awa, ba ma a neman a tumɓuke su, ana dai mayar da su ga daidaito, kuma ya yarda cewa mutane sun bambanta, wani yana saurin karɓar horo, wani yana jinkiri. Misalinsa na ƙwallon dabino, wanda ba zai taɓa zama tuffa ba amma ba zai zama dabino ba sai an shuka shi an yi masa ban ruwa, ya fi kusa da sakamakon Dunedin fiye da duk abin da Lombroso ya rubuta. Suratus Shamsi ta haɗa ɓangarorin biyu a ayoyi na 7 zuwa 10, inda aka kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, aka kuma rataya rabauta da taɓewa ga abin da mai ran ya yi da shi. Tarihi ma shaida ne: ɗan Annabi Nuhu (AS) ya halaka, Annabi Ibrahim (AS) ya fito daga gidan Azara, Ikrima ɗan Abu Jahal ya cika a kan Musulunci.

Abin da ya biyo baya daga wannan shi ne cewa nauyin jarrabawa ba ɗaya ba ne. Wanda aka halitta da zafin rai yana kokawa da abin da mai sanyin hali bai san shi ba, shi ya sa hadisi ya kira mai mallakar kansa lokacin fushi da sunan mai ƙarfi na gaskiya. Wannan bambanci yana da lissafinsa a wajen Allah. Wahalar kamewa dai ba ita ce rashin ikon kamewa ba, kuma taklifi yana faɗuwa ne da na biyun.

A Gaban Alƙali

Abdulƙadir Auda (ya rasu 1954), a littafinsa kan dokar laifuffuka ta Musulunci, ya tsayar da alhakin laifi a kan aiki haramtacce da mai fahimta kuma mai zaɓi ya aikata. Malaman usulu, musamman Hanafiyya irin su Al-Bazdawi, sun yi bayanin abubuwan da ke bijiro wa ahliyya, suka raba su zuwa na sama, kamar hauka da ƙuruciya da wauta da barci da suma, da waɗanda mutum ya jawo wa kansa, kamar maye. Asalin babin shi ne hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro da mahaukaci. Malikiyya sun bi wannan rabo a jini. A Muwaɗɗa, Mu'awiya (RA) ya rubuta wa Marwan cewa babu ƙisasi a kan mahaukacin da ya yi kisa, amma a kashe mai mayen da ya yi kisa. Risala ta Ibnu Abi Zaid (ya rasu 386) ta ɗora diyyar kisan mahaukaci a kan danginsa, ta mayar da gangancin yaro kamar kuskure. Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya ma ta keɓe sashe na 50 ga yaro, na 51 ga mai taɓin hankali.

Da wannan ma'auni, sakamakon gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa ba shi da gurbi wajen tabbatar da cewa wane ne ya aikata. Hukuncinsa hukuncin firasa ne, kuma Annabi Yusuf (AS) ya nemi tsarin Allah daga kama wani ba wanda aka samu kayan a wajensa ba. Haka nan ba ya halatta tsare mutum saboda laifin da ake hasashen zai yi. Wajen ɗauke taklifi kuwa, ƙofa a buɗe take ga likita, domin Annabi (SAW) da kansa ya binciki hankalin Ma'izu, ya tambaya ko yana da hauka, ko ya sha giya, har wani ya tashi ya shaƙi bakinsa. Aliyu (RA) kuma ya tsayar da jefe wata mahaukaciya a zamanin Umar (RA). Amma abin da ake tambayar likita shi ne halin wannan mutum a lokacin wannan aiki. Ƙwayar da sulusin maza ke ɗauke da ita, mafi yawansu ba su taɓa dukan kowa ba, ba ta amsa wannan tambaya. Ta wannan fuska ragin da kotun Trieste ta yi a kan gado ba shi da madogara a fiƙihu, taɓin hankalin da aka riga aka tabbatar shi ne abin lura. Kotunan Jojiya a Amurka ma sun ƙi buƙatar Stephen Mobley ta a yi masa gwajin MAOA, aka zartar masa da hukuncin kisa a 2005.

Malamin makarantar nan mai ƙari shi ne mas'alar da ke buƙatar ijtihadi, domin fahimtarsa tana nan, abin da ya lalace shi ne ikon kamewa. Ba mahaukaci ba ne bisa ta'arifin da aka saba, ba kuma wanda wani ya tilasta ba. Mafi kusan abin da za a yi ƙiyasi da shi shi ne rabon da Ibnul Ƙayyim ya yi wa fushi gida uku a risalarsa kan sakin mai fushi: farkonsa da ba ya taɓa hankali, ƙarshensa da ke rufe sani da nufi, da na tsakiya wanda ya ce shi ne wurin saɓani. Abin da ya fi rinjaye shi ne cewa cuta tabbatacciya, wadda hali ya zo da zuwanta ya tafi da tafiyarta har sau biyu, shubuha ce mai ƙarfi da ke tunkuɗe haddi, ba tare da ta zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba, ba kuma tare da ta hana hukuma killace shi a yi masa magani ba. A babin ta'aziri kuwa, inda alƙali ke duba halin mai laifi, irin wannan bayani yana da amfani, sai dai wuƙa ce mai baki biyu: hujjar da ta ce ba ya iya kame kansa ita ce kuma ke cewa sakinsa haɗari ne.

Gubar Dalma

Akwai sababi na jiki guda ɗaya da ba gado ba ne, kuma al'umma ce ke ɗura shi. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, tana rage fahimta da ikon kamewa. Wani bincike a Cincinnati ta Amurka, wanda ya fito a 2008, ya bi mutum 250 tun suna ciki, ya samu cewa yawan dalma a jininsu lokacin ƙuruciya yana tafiya tare da yawan kamun da aka yi musu bayan sun girma. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe. A 2010 an gano gubar a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka rayu da ita a jininsu. Ba ya halatta a kalli waɗannan yara da idon tuhuma, domin alƙaluman rukuni ba sa hukunta mutum, kamar yadda ya gabata. Abin da lamarinsu ke wajabtawa ya faɗa kan manya. Lokacin da bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Umar (RA) ya fasa yanke hannuwansu da ya fahimci ana barinsu da yunwa, ya ci ubangidansu tarar ninkin kuɗin taguwar, kamar yadda Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Ya bi sababin har zuwa wanda ya haifar da shi. Kiyaye hankali ɗaya ne daga manufofi biyar na shari'a, kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, da raba wurin niƙa da wurin kwanan yara, da bibiyar lafiya da karatun waɗanda suka tsira, duk suna shiga ƙarƙashinsa a matsayin farilla ta kifaya a kan hukuma da masu haƙar ma'adinin.